Aikin rage tumbi: wa yake amfana da shi?

A wurinmu ana ɗaukar ƙiba alamar wadata. Amma idan ta wuce kima, cuta ce. Takan jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa.

Likitoci suna auna ƙiba da lamba. Suna haɗa nauyin mutum da tsawonsa. Mu ɗauki mai tsawon mita 1 da santimita 70. In yana da kilo 87, lambarsa 30 ce: ƙiba ta fara. Kilo 102 lamba 35 ne. Kilo 116 lamba 40 ne: ƙiba ta yi tsanani.

Idan rage abinci da magani sun kasa, akwai aikin tiyata. Wani lokaci ana yanke mafi yawan tumbi a fitar. Wani lokaci ana ware ɗan ƙaramin sashe na tumbi a haɗa shi da hanji. Daga nan mutum yana ƙoshi da abinci kaɗan.

A ƙasar Suwidin, tun 1987 aka fara bin lafiyar mutane fiye da 4000 masu ƙiba. An yi wa kusan rabinsu aiki. Bayan shekara 10, waɗanda aka haɗa wa tumbi da hanji sun rage kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Waɗanda ba a yi wa aiki ba, nauyinsu bai canza sosai ba.

Mu yi lissafi da wannan kashi. Mai kilo 160 zai rage 40, ya koma 120: har yanzu ƙibarsa mai tsanani ce. Mai kilo 102 zai rage wajen 25, ya koma 77: ya fita daga sahun masu ƙiba. Na farko ya fi zubar da kilo, amma na biyu ya fi kusa da lafiya.

Ciwon sukari ma yana sauƙi. A wani gwaji na mutane 150 a Amurka, bayan shekara 5, sukarin 29 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa hanji ya daidaita. Cikin masu shan magani kawai, 5 ne cikin 100. Wanda ciwon bai daɗe jikinsa ba ya fi samun sauƙi. Saboda irin wannan sakamako, a 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan aiki suka ce mai lamba 30 ma, in yana da ciwon sukari, ana iya yi masa.

Sai dai aikin yana da tsada da haɗari. Wanda aka yi wa zai sha bitamin duk rayuwarsa, kuma nauyi yana iya dawowa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku je asibiti a auna nauyinku da sukarinku. Ku rage sukari a shayi da fura. Ku guji ƙwayoyin ƙara ƙiba na kasuwa.