Kafin Ka Yarda a Yi Wa Filas Ɗinka Fomat

Duk shekara, da zarar ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari sun shiga kakar rubuta furojet, akwai kukan da ba ya yankewa a unguwar Gidan Igwai ta Sakkwato: "Bairos ya cinye mini aiki." In ka bi diddigi, hanyar guda ce. A yi rubutu a kwamfutar gida, a zuba a filas, a kai shagon buga takardu, a dawo gida a sake soka shi. Ita kuwa kwamfutar shagon, tun safe take karɓar filas ɗin kowa, kamar aska guda a kan 'yan unguwa duka, ba kuma mai tambayar yaushe rabon da a duba lafiyarta.

Haka ta faru da ɗiyar wani maƙwabcina. Ta buɗe filas ta tarar foldojinta duk sun koma wasu alamomi masu 'yar kibiya a gindi, waɗanda masu gyara ke kira shotkat. Ta danna wannan, ta danna wancan, kwamfutar ta fara nauyi. Da ta kai wa wani mai gyara, ko kallon kirki bai yi wa filas ɗin ba ya ce, "Malama, sai fomat." Ya share shi tas, ya sake wa kwamfutar Windows, ya karɓi kuɗinsa. Ko da ta iso wurina tana cewa, "Kawu, aikina duk ya tafi," har ta riga ta loda wa filas ɗin wasu abubuwa. Sai da ta sake buga komai daga takardun da malaminta ya yi wa gyara da jan biro. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, aikin nan yana cikin filas ɗin daram har zuwa lokacin da mai gyara ya sa hannu.

Irin wannan bairos ba ya goge fayil. Ɓoye shi yake yi, ya ajiye shotkat mai suna iri ɗaya a gurbinsa. Kana dannawa ka tayar da shi: ya kwafi kansa cikin kwamfuta, ya shiga jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows, daga nan duk filas ko memori da aka soka ya kamu. Wasunsu ma suna buɗe wa mai su ƙofa ta intanet ya kwashe kalmomin sirri. Andromeda, ɗaya daga cikin masu yaɗuwa ta filas, sai da hukumar FBI ta Amurka da 'yan sandan Turai da kamfanin Microsoft suka haɗa ƙarfi kafin su karya cibiyoyinsa a ƙarshen 2017. To amma wannan bai wanke filas ɗin da ke aljihun kowa ba.

Don haka in ka ga shotkat, ka janye hannunka. Zare filas ɗin, ka fara da kwamfutar, domin wanke filas alhali uwar cutar tana cikin na'ura aikin banza ne. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai gadinsu, Microsoft Defender, kyauta. Sabunta shi, ka katse intanet, ka sa ya bincika na'urar gaba ɗaya. Yana kuma da wani zaɓi da ke sake kunna kwamfutar ya yi bincike tun kafin Windows ta tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Yi shi ma. Kamar minti 15 yake ɗauka.

Sai an gama wannan za ka mayar da filas. Kada ka buɗe shi, sa a bincika shi tukuna. Sannan ka duba harafin da kwamfuta ta ba shi, a ce E ne, ka buɗe baƙin allon nan na cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Foldojin da aka ɓoye za su fito. Goge shotkat ɗin, da duk fayil mai ƙarewa da .vbs ko .exe da ba kai ka sa ba. Kwashe takardunka da hotunanka ka ajiye, yanzu ne fomat ya halatta. Layin cmd ɗin nan guda ne fa! Mai gyaran da bai san shi ba, ko ya sani ya ƙi saboda kuɗin fomat ya fi tsoka, bai cancanci a miƙa masa aikin shekara ba. Bayan nan ka canza kalmomin sirrin imel da Facebook da na banki, daga wata na'urar da ka tabbata lafiyarta lau.

Mu ma masu kwamfutar muna da namu. Za ka ga mutum ya bari an kashe masa Defender don a sa masa manhajar sata, sannan ya jingina da wani mai gadin, Smadav, da rabonsa da sabuntawa tun ranar da aka sayi na'urar. Ta irin waɗannan manhajojin sata ne STOP, bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, ya yi ta shiga kwamfutocin gida tun 2018, kuma shi babu layin da ke buɗe shi. Wani har yau yana kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina toshe wa ɓaraka tun 14 ga Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025. A ɗaya gefen kuma, ba kowane nauyi ne bairos ba. Zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, sun isa su sa kwamfuta rarrafe.

Shin dole ne ma filas ya je shago? Mayar da aikin PDF, ka tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel, ya buga. In ya zama dole, ware filas guda na zuwa shago kawai, kada ya zama nan ne kaɗai aikinka yake. Ku kuma masu shago, datar sabunta mai gadin kwamfutarku ba ta kai kuɗin rim ɗin takarda ba.

Wanda kuma aka riga aka yi wa fomat, kada ya fid da rai nan take. Fomat na gaggawa jerin sunayen fayiloli yake sharewa, su kansu suna nan sai an rubuta wani abu a kansu. Kada ka zuba ko hoto ɗaya a filas ɗin. Nemi Recuva ko PhotoRec daga shafinsu na asali, kyauta ne, ka sa su lalubo abin da ya rage, ka ajiye abin da suka tsamo a kwamfuta, ba a kan filas ɗin ba.