Wa Ke Riƙe da Zarto?

Ranar da muka fara shiga wakshop a aji 2, malami ya ajiye zarton ƙarfe da magagari a kan teburinmu. Kafin in miƙa hannu wani ɗan ajinmu ya riga ni, ya ce, “Hajiya, ke dai riƙe biro ki rubuta mana.” Da zuciya ɗaya ya faɗa. Haka zango ya ƙare, na iya rubuta rahoto tsaf, amma hannuna bai san nauyin magagari ba.

Karatun injiniya shekara 5 ne a Najeriya, kuma kaso mai tsoka da daddare ake yin sa. Maza sukan kwana a aji suna warware lissafi tare, na gaba da su suna miƙo musu tsofaffin takardun jarrabawa. Mace kuwa da ƙarfe 10 ta yi, hankalinta ya koma kan duhun hanyar hostel da bakin mutane. Mai zuwa daga gida, ko mai aure da goyo, magariba ma ba ta riskar ta a makaranta. Washegari a ga maki ya bambanta, a ce ƙwaƙwalwa ce.

A aji 4 sai SIWES, horon wata 6 a masana’antu, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Can ma kujera aka ba ni a ofis, aka tafi da mazan wurin zuba kankare. Ban yi mamaki ba da na ji cewa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1958, sai a 2024 mace ta shugabance ta, Margaret Oguntala.

Na daɗe kafin in gane ciwon mazan. Yaro ya saba zuwa na ɗaya a sakandare, unguwa na kiransa Injiniya tun bai yi rajista ba, sai ga kariyoba a lissafi. Wa zai faɗa wa? Mu in ɗaya ta faɗi, a ɗaki muke taruwa, a sha kuka, a ci abinci, a buɗe littafi. Shi kuwa sai ya haɗiye. Ya fara ƙin lacca, ya rame, a gida yana cewa komai lafiya. Wanda ya karɓe min zarton nan bai kai aji 4 tare da mu ba, kuma sai a allon sakamako abokan kwanansa suka sani.