Zafin teku yana kashe murjani

Kowa ya san murjani, jan dutsen adon nan na wuyan amarya. Amma ba kowa ya san asalinsa abu ne mai rai ba. Wasu ƙananan halittu ne suke gina shi cikin teku. Na wuya, in na gaske ne, daga tekuna irin su Bahar Rum ake ciro shi. Yau maganarmu kan ɗan'uwansa ce, wanda yake taruwa ya yi tudu a teku mai ɗumi, kamar Bahar Maliya ta gefen Jidda.

Wannan murjani ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Cikin jikinsa akwai wata irin gansakuka, dangin wadda muke gani kan ruwan madatsar Mozage, amma ido ba ya ganinta. Shi yana ba ta masauki, ita kuwa tana haɗa masa abinci da hasken rana. Ita ce kuma ke ba shi launi. Manomin Ƙonni ko Malbaza ko Ilela ya san irin wannan zama. Tuge wake ka duba saiwarsa, za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle. Ƙwayoyin da ke ciki suna ci daga wake, su kuma suna ba shi taki.

To, zafi ne ke raba murjani da abokiyar zamansa. In ɗumin ruwa ya ƙaru da digiri 1 kawai bisa yadda aka saba a lokacin zafi, kuma ya yi makonni haka, sai murjani ya kore ta. Ya koɗe, ya koma kamar ƙashi. In ruwa ya huce da wuri, takan dawo. In ba haka ba, yunwa ta kashe shi. Kifi ya rasa wurin haihuwa, masunci ya rasa kifi.

Haka ta faru a tekuna da yawa a 1998 da 2010. A 2016 kusan kashi ɗaya cikin uku na murjanin babban tudun Ostareliya ya mutu. Abin ya sake dawowa a tekuna da yawa a 2023.

Kada mu ce ina ruwanmu da teku. Hayaƙin fetur da gawayin ƙasa da ke ɗumama duniya, teku ce ke shanye mafi yawan zafinsa. Hadarin daminarmu kuwa daga tekun Atlantika iska ke kawo shi. Masana sun gano cewa sauyin ɗumin tekuna yana cikin abin da ya hana mu ruwan sama a 1973 da 1984.