Bayan Ruwa Ya Janye: Gayyar Coci-Coci a Princeville da Tambayar da Ta Bar wa Masallatanmu

A gabashin jihar Karolina ta Arewa da ke ƙasar Amurka akwai wani ƙaramin gari a bakin kogin Tar da ake kira Princeville. Bayi baƙaƙen fata da aka 'yanta ne suka fara zama a wurin a 1865, bayan ƙarewar yaƙin basasar ƙasar, kuma fadama suka samu suka kafa bukkokinsu, domin tudun da ruwa ba ya kai wa yana hannun masu shi. A 1885 hukuma ta amince da shi a matsayin gari, aka raɗa masa sunan Turner Prince, wani kafinta da shi ma ya ɗanɗani bauta.

Tun daga ranar kogin bai bar garin ya huta ba. A shekarun 1960 injiniyoyin sojan Amurka sun yi masa jinga, ta tsare shi shekaru talatin da ɗoriya, har watan Satumba na 1999 da guguwar teku mai suna Floyd ta zo da ruwan da ya fi ƙarfinta. Garin ya yi kwanaki a nutse. Gwamnatin tarayya ta yi tayin sayen gidajen domin mutane su tashi, majalisar garin ta ƙi, saboda a nan kaburburan kakanninsu suke. A watan Oktoba na 2016 guguwar Matthew ta sake cika kogin, ruwa ya sake mamaye mafi yawan garin. Ƙidayar 2010 ta nuna mutum 2,082 ne a Princeville. Ta 2020 ta nuna 1,254.

Waɗanda suka samu komawa gidajensu, da yawansu hannun 'yan sa-kai ne ya mayar da su, kuma mafi yawan 'yan sa-kan daga coci-coci suka fito. Yadda suke tsara wannan aiki, da abin da Shari'a ta ce game da karɓarsa, su ne abin dubawarmu.

Yadda ayarin yake tashi

Cocin Methodist na daga cikin waɗanda suka daɗe suna aiki a Princeville da Tarboro, garin da ke tsallaken kogin. Tana da hukumar agaji mai suna UMCOR da aka kafa tun 1940. Sau ɗaya a shekara ana ware wata Lahadi ta musamman domin tara kuɗin tafiyar da hukumar, albashi da haya da sauransu. Saboda haka idan mutum ya ba da gudummawa don wata ambaliya, kuɗinsa gaba ɗaya can yake zuwa. Tun kafin masifa ta auku, mabiya suna haɗa bokitan share gida: kowane bokiti da sabulu, da buroshi, da safar hannu, da takunkumi, da ledar shara, da igiyar shanya. Ana tara su a rumbu, ranar da aka buƙata sai dai a loda a mota.

Ayarin da ke fara shiga gari bayan ruwa ya janye sai wanda aka horar, aka binciki halinsa, aka ba shi katin shaida. Aikinsa ƙazanta ce tsantsa. Gidajen can na katako ne, bangon ciki kuma allunan jifsam, da wata irin auduga a tsakani mai tare sanyi. Da zarar waɗannan sun jiƙe, cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna take kamawa, kuma shaƙarta na cutar da huhu. Dole a kwashe laka, a fitar da katifu da kujerun da suka sha ruwa, a yanke bango zuwa sama da inda ruwa ya tsaya, a wanke katakon, a bar shi ya bushe sarai kafin a rufe. Wanda ya yi gaggawar rufewa ya binne cuta a ɗakinsa.

Bayan wannan sai dogon aiki, wanda ke cin shekaru. Wata coci a wata jiha mai nisa za ta tara mutum goma ko goma sha biyar: tsohon kafinta da ya ajiye aiki, mai gyaran wuta, malamar makaranta, ɗaliban jami'a da ke hutu. Su ke biyan kuɗin motarsu da abincinsu. Suna kwana a zauren wata coci a kan gadajen tafi-da-gidanka, su yi mako guda, su tafi, wani ayarin ya ɗora daga inda suka tsaya. Abin da ke hana aikin watsewa shi ne akwai mai kula da gini da ke zaune a garin, akwai kuma ma'aikacin da ke riƙe da takardar kowane gida: me inshora ta biya, me gwamnati ta bayar, me ya rage. Tsofaffi da naƙasassu da marasa inshora ake sa wa a gaba.

Sauran ɗarikun ma suna da irin nasu. Mabiya Mennonite sun fara a jihar Kansas a farkon shekarun 1950. Baptis na kudancin Amurka sun fara a 1967 bayan guguwar Beulah a Tekzas, kuma an san su da rawayen riguna da manyan motocin girki. A 1970, bayan an ga yadda ƙungiyoyi suka yi ta karo da juna a guguwar Camille ta 1969, wani gida ya samu agaji sau uku wani bai samu ko ɗaya ba, sai suka kafa majalisar haɗin gwiwa ta ƙasa. A yau ƙungiyoyin Musulmi irin su Islamic Relief da ICNA Relief suna cikinta. A Princeville ɗin ma, matasan Islamic Relief sun riƙa zuwa rukuni-rukuni suna aikin gyaran gidaje tare da ma'aikatan Methodist, a garin da kusan duk mazaunansa Kiristoci ne.

Shin Musulmi zai karɓa?

Wannan tambaya tana zuwa wa malamai duk lokacin da aka yi annoba, kuma mai yin ta sau da yawa gwauruwa ce da marayu, ɗakinta ya faɗi. Amsar ita ce ya halatta. Manzon Allah (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis, shugaban Kibɗawan Masar, ya karɓi alfadarin da sarkin Aila ya aiko masa lokacin yaƙin Tabuka. Ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im ɗan Adiyyu, wanda ya mutu bai musulunta ba, kuma bai manta masa wannan alheri ba har ranar Badar. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a inuwar sarki Kirista suka zauna. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Wanda aka halatta ka kyautata masa, babu laifi ka karɓi kyautatawarsa, kuma godiya gare shi tana daga cikin kyawawan ɗabi'u.

Haka nan roƙo a irin wannan hali ba abin kunya ba ne. A hadisin Ƙabisa da Imamu Muslim ya ruwaito, wanda annoba ta cinye dukiyarsa yana cikin mutum uku da aka halatta wa neman taimako har ya samu abin da zai tsayu da shi.

Iyakar tana wurin sharaɗi. Idan aka ce sai ka halarci addu'arsu kafin a ba ka buhun shinkafa, ko sai ka miƙa ɗanka a rene shi a kan wani addini, to nan ciniki ya shigo, kuma imani ba hajar sayarwa ba ne. Adalci ya sa a faɗi cewa ƙungiyoyin ba ɗaya suke ba. Ƙa'idojin aikin agaji da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka fitar a 1994 sun hana a yi amfani da agaji wajen tallata addini ko siyasa, kuma hukumomin coci da dama sun sa hannu a kai. Akwai kuma waɗanda ba sa ɓoye cewa wa'azi na cikin manufarsu. Samaritan's Purse, wadda hedikwatarta ke garin Boone a wannan jiha ta Karolina ta Arewa, idan 'yan sa-kanta sun gama aikin gida sukan miƙa wa mai gidan Baibul da suka sa wa hannu. Bayan igiyar tsunami ta Disambar 2004, wata ƙungiyar mishan daga jihar Bajiniya ta sanar da shirin kwashe marayun Musulmi kimanin 300 daga Aceh zuwa gidan renon Kirista, sai da gwamnatin Indunusiya ta ƙi amincewa shirin ya tsaya.

Don haka magidanci ya buɗe ido. Ya karɓi taimakon, ya yi godiya, ya ƙi abin da ya saɓa wa aƙidarsa cikin ladabi, kada kuma ya bar ƙananan yara su kaɗai a hannun kowa. Zargin kowane mai agaji da mugun nufi zalunci ne, miƙa wuya ga kowane sharaɗi kuma sakaci ne.

Namu ɓangaren

Wanda ya ga Maiduguri a daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Fori da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya san al'ummarmu ba ta da rowa. Attajirai sun bayar, talakawa sun dafa abinci sun kai sansani, 'yan agajin ƙungiyoyin addini sun shiga ruwa sun ciro mutane. Ruwan bai tambayi addinin kowa ba, ya shiga masallatai, ya shiga babbar cocin Katolika ta garin. Haka aka gani a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu.

Rauninmu yana bayyana ne bayan wata biyu, lokacin da 'yan jarida suka tattara kayansu. A lokacin ne mai gidan ƙasa yake tsaye a kan kangonsa, rijiyarsa ta haɗu da masai, jarinsa ya bi ruwa, damina ta gaba kuma tana tafe. Buhun shinkafa ya ƙare tuni. Abin da yake bukata magini ne da kafinta da kwano da siminti, da wanda zai dawo mako mai zuwa.

Kuma duk kayan wannan aiki muna da su. Gayya al'adarmu ce tun kaka da kakanni, da ita ake noma gonar mara lafiya, da ita ake yaɓen ɗakin tsohuwa. Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, har ya danganta su da kansa, saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai. A shekarar fari ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar (RA) ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci ya taso daga Sham, ya naɗa mutanen da ke ƙidaya mabuƙata suna kula da rabo, ya ci gaba da haka har Allah Ya saukar da ruwa. Ta fuskar kuɗi kuwa, an ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibn Abbas, cewa wanda ambaliya ta tafi da dukiyarsa yana cikin mabartan da ke da rabo a zakka. Maƙwabcin da ba Musulmi ba, jumhurun malamai ba su ba shi daga zakkar farilla ta fuskar talauci ba, amma sadakar nafila da aikin hannu a buɗe suke gare shi, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana wuyanmu.

Abin da masallacin Juma'a zai iya farawa da shi bai fi ƙarfinsa ba. A buɗe littafi tun rani, a rubuta sunayen magina da kafintoci da masu gyaran wuta da ma'aikatan lafiya da direbobin da ke sallah a nan, da kwanakin da kowa zai iya bayarwa a shekara. A ware asusun annoba dabam da na ginin masallaci, da mutum biyu ko uku amintattu masu sa hannu, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. Idan abu ya faru a wani gari, a tuntuɓi limamai da masu unguwannin can su faɗi abin da suke so kafin a loda mota. A ɗauki gidaje ƙididdigaggu, ko biyar ne, a tsaya a kansu har masu su koma ciki. Ɗaliban jami'a da na Islamiyya da ke dogon hutu a tsakiyar damina su ne ƙarfin wannan aiki, in an haɗa su da gwanayen sana'a.

A kuma kiyaye mutuncin wanda ake taimako. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Ɗaukar hoton dattijo yana karɓar mudun gero a watsa a Facebook yana iya shiga wannan babi, ko da niyyar mai ɗaukar ita ce jawo wasu masu bayarwa. Kuma abin da muka ƙi a yi wa namu, na sanya sharaɗin addini a kan abinci, kada mu yi wa na wasu.

Duk wanda ke jin zafin ganin baƙo ya zo daga nesa yana gyara ɗakin 'yar'uwarsa Musulma, to maganin zafin yana hannunsa: ya riga baƙon isa, ko su yi aikin tare kamar yadda matasan Musulmi suka yi a Princeville. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya sanya mu cikin masu amfanar bayinSa. Amin.