Ciwon Kwankwaso Ga Mai Doguwar Tafiya A Kan Keke

A zangon da ya wuce, sa'ad da muka fita zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun gari, na tarad da wani saurayi a wata makaranta wajen Muna yana koyad da lissafi a zaune. Na san shi sarai, ba rago ba ne. Da aka tashi tara na kira shi gefe na ce, "Malam, lafiya kake koyarwa a zaune?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, kwankwasona ne. Daga Bulunkutu nake tahowa a keke kullum, kafin in iso baya ya riƙe, in na tsaya gaban allo sai in ji kamar ana tsira mini allura." Na ce ya nuna mini keken. Ina ganinsa na san inda gizo ke saƙar. Keken yayansa ne, yayan dogo ne, shi kuwa gajere. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Keken da nake nufi shi ne mai ƙafa biyu, wanda dattawa ke kira basukur, ba mai ƙafa uku na haya ba. Tun da gwamnatin Jihar Borno ta hana hawan babur a cikin Maiduguri a shekarar 2011, mutane da yawa suka koma masa. Da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, sai malaman makaranta da ɗalibai suka ƙara rungumarsa. Saboda haka kukan wannan saurayi ba nasa ne shi kaɗai ba, da yawa cikinku za ku yi irinsa in an tura ku makaranta mai nisa.

To, bari mu fara duba yadda aka gina bayan mutum. Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 a jere, wani bisa wani. Guda 24 na sama su ne masu motsi, sauran na ƙasa sun manne da juna. Cikin masu motsin nan, 5 na ƙarshe su ne na kwankwaso, sun kuwa fi 'yan'uwansu kauri, domin su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke bisansu. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani ɗan faifai na guringuntsi, bayansa da tauri, cikinsa da laushi, aikinsa kamar na gammo ne ga mai ɗaukar tulu. In mutum ya tsaya sosai, kwankwasonsa yakan ɗan lanƙwasa ciki. Sa hannu a bayanka yanzu ka ji. Amma in ya hau keke ya sunkuya, sai lanƙwasar ta juya waje, gaban gammon nan ya matsu, tsokoki da jijiyoyin baya su miƙe su ɗaure tam. Minti 10 a haka ba kome ba ne. Amma in aka yi awa guda ba a sāke zama ba, tsoka takan gaji ta saki aikinta, nauyi ya koma kan gaɓoɓi. Shi ya sa ciwon ba ya zuwa da farkon tafiya, sai an yi nisa.

Kada wannan ya tsorata kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 suka yi fama da ciwon kwankwaso a shekarar 2020, kuma wajen 9 cikin 10 na masu shi ba a samun wata cuta takamaimai da ta kawo shi. Ga mai keke, galibi laifin yana ga keken ne da yadda ake zama a kansa, maganinsa kuwa yana hannun mai sufana.

Abu na fari shi ne tsayin sirdi. Jingina keken da bango, ka hau, ka ɗora diddigenka bisa feda, ka kai fedar ƙasa iyakarta. In ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba, to, tsayin ya yi. Sa'an nan in za ka yi tafiya, sai ka taka da tudun tafin ƙafa na kusa da yatsu, gwiwa ta ɗan tanƙware kaɗan. In sirdi ya yi bisa da yawa, kamar na abokinmu na Muna, ƙugu yakan riƙa rangaji, hagu da dama, don ƙafa ta kai ga feda. Ga lissafi ga malamin lissafi: in kana juya feda sau 60 a minti guda, cikin awa ɗaya ka murɗa kwankwasonka sau 3,600 ke nan, da safe haka, da rana haka. Ina bayan da zai jure? In kuwa sirdi ya yi ƙasa da yawa, gwiwoyi su taso kusa da ƙirji, baya ya yi doro. Wannan ma ya fi yawa a garin nan, don mutane suna so su riƙa dafa ƙasa da ƙafafu biyu suna zaune. In za ka ɗaga sirdi, ka lura da zanen da masu ƙira suka yi a jikin ƙarfen da ke ɗauke da shi, kada ka zaro shi ya wuce nan, don yana iya karyewa.

Bayan tsayi sai shimfiɗar sirdin. Ya kamata ya kwanta daidai, ko hancinsa ya ɗan dubi ƙasa kaɗan. In hancin ya ɗaga sama, yakan tura ƙugu baya, kwankwaso ya ƙara lanƙwashewa. Wani bincike da likitoci suka buga a Ingila a shekarar 1999 ya nuna yawancin mahayan da aka sunkuyar musu da hancin sirdi sun sami sauƙin ciwon baya. Amma ni dai shawarata a yi shi kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa sai ka riƙa zamewa gaba, ciwon ya tashi daga baya ya koma wuyan hannu. Sirdin da ya tsufa ya lotsa gefe guda kuwa, ba shi da gyara, a sake shi.

Sai kan keke. Samari yanzu sun fi son kekunan gwanjo masu miƙaƙƙen kai, waɗanda aka ƙera don tsere ko hawan duwatsu a ƙasashen Turai. Suna da kyaun gani, ban musa ba, amma kansu yana ƙasa, yana kuma nesa da sirdi, sai mutum ya yi ruku'u tun daga gida har makaranta. Tsofaffin samfuri irin su Raleigh da Phoenix, masu kai lanƙwasasshe zuwa wajen mahayi, sun fi tausaya wa baya. Duk wanda kake da shi, a ɗaga kan ya zo daidai da sirdi ko ya ɗan fi shi, yadda za ka kama shi gwiwar hannu a sake, ka ɗan rusuna kaɗan kawai. Zama ƙiƙam kamar tabarya shi ma ba shi da kyau, don kowane rami ka faɗa, dukan zai bi sirdi ya hau ƙashin baya kai tsaye. In ka hango rami ko tudun rage gudu, ɗan ɗaga jikinka daga sirdi, ƙafafu su karɓi dukan.

Maiduguri ba ta da hawa da gangara, amma tana da yashi, shi ne dutsenmu. Da ka sauka daga kwalta ka shiga unguwa sai taya ta nutse, ka ga mutum ya dage yana danna feda da dukan ƙarfinsa, yana fizgar kan keke. Wannan dagewa a kwankwaso take ƙarewa. Mai giya ya sa mai sauƙi, marar giya ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. Haka kuma kaya. Malami ya tattara littattafan aikin yara 60 ya zuba a jaka ya rataya a kafaɗa guda, ga kariya a bayansa ba kome a kai! A ɗaure su a kariya da roba. Mai ɗebo ruwa kuma ya tuna jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, in ya rataya ta gefe guda, jikinsa ne zai karkace ya biya bashin.

In tafiyar ta wuce rabin awa, sauka a inuwar dogonyaro, ka riƙe ƙugu da hannu biyu, ka ɗan banƙare baya a hankali sau 5 ko 6. A gida kuma, kwanta rigingine a tabarma, ka tanƙware gwiwoyi, ka ɗaga ɗuwawu sama, ka ƙirga 10, ka sauke, ka yi haka sau 10. Wannan yana ƙarfafa tsokokin da ke tallafe da baya. Dā likitoci sukan ce mai ciwon baya ya kwanta ya huta kwana da kwanaki, yanzu sun bar wannan magana, sun ce ya ci gaba da zirga-zirgarsa gwargwadon iko. Yawanci cikin 'yan makonni ciwon yakan lafa.

Akwai abu guda da nake so ku riƙe da kyau. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, mai keke yana ta zuba gumi. Sai baya ya yi ciwo, ya tsaya wajen mai tebur ya sayi ƙwayar diclofenac ko ibuprofen ya haɗiya, cikinsa ba ruwa. Waɗannan magunguna, in jiki ya bushe aka kuma yawaita su, suna yi wa ƙoda lahani. Tramadol kuwa takan kama mutum har ya kasa rabuwa da ita. Ka tafi da gorar ruwa, ka sha tun ƙishirwa ba ta matsa ba. Ciwon ƙoda ma yakan yi kama da na kwankwaso, sai dai shi ya fi bisa, a gefe, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma sāke zama ba ya rage shi.

Wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko jini a fitsari, ya tafi asibiti. Haka wanda ciwon ke sauka ta cinya har tafin ƙafa, ƙafar tana mutuwa, ko wanda yake ramewa yana gumin dare, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Wanda kuwa tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓi, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, kada ya kwana a gida, a kai shi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a ranar.

Abokinmu na Muna ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Muka tura keken wajen mai gyara a bakin hanya, ya sauke sirdi kamar faɗin yatsu uku, ya daidaita hancinsa, muka sayi roba ta ɗaure littattafai. Bayan mako biyu na koma, na same shi tsaye gaban allo yana raba wa yara lissafin sau. Na tambaye shi baya, ya ce da sauƙi ƙwarai, sai dai yayan ya yi faɗa da ya hau ya ji gwiwarsa na dukan kan keke. Yanzu sun ɗiga fenti wuri biyu a jikin ƙarfen sirdin, ja na yaya, fari na ƙane, sufana kuwa tana cikin jaka.