Fita daga kaso ba ta goge laifi: hanyar da 'yan Adar za su bi su wanke sunansu a kotu

Duk matashin da aka haifa a Tahoua, Keita, Bouza ko Abalak, idan zai shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikata ko ya nemi takardar zama a wata ƙasa, akan buƙaci ya kawo kaziye, wato takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa hukunta shi. Kotun yankin da aka haifi mutum ce ke bayar da ita, kuma galibi ba a karɓar wadda ta wuce wata 3. Shi ya sa ɗan ci-ranin da ke Abijan ko Aljeriya yakan tura ɗan'uwa ya karɓo masa a gida.

A nan ne wasu ke shan mamaki. Mutum ya gama zaman kaso tun shekaru, ya yi aure, ya kafa sana'a, sai ya tarar hukuncin yana nan a rubuce.

Misalin da kowa ya sani a Nijar shi ne na marigayi Hama Amadou. A watan Maris na 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 1 a shari'ar safarar jarirai. A ƙarshen Maris na 2020 ya fita daga gidan kason Filingué, cikin fursunoni 1,540 da shugaba Issoufou Mahamadou ya yi wa sassauci saboda annobar korona. Amma a ranar 13 ga Nuwamban 2020 kotun tsarin mulki ta yi watsi da takararsa ta shugaban ƙasa, bisa wannan hukuncin. Sassauci ya buɗe masa ƙofar kurkuku, laifin kuma ya ci gaba da binsa.

Goge hukunci ga jama'a da yawa lokaci guda abu ne da ba a cika gani ba. Ya faru a Nuwamban 2023, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar 2015 mai hukunta safarar baƙin haure, aka kuma share hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta, ciki har da direbobin da ke kai fasinja Libiya.

Ga sauran mutane, dokar shari'ar laifuka ta tanadi hanya biyu. Ta farko ita ce jira: bayan dogon wa'adi ba tare da sabon laifi ba, hukuncin yana gogewa da kansa. Ta biyu ita ce mutum ya roƙi kotu ta wanke shi kafin wannan lokaci ya cika.

Mai neman hakan yana rubuta takarda zuwa ga mai shigar da ƙara na gwamnati, ya bayyana ranar da aka yanke masa hukunci da wuraren da ya zauna tun fitowarsa. Dole sai wasu shekaru sun wuce bayan kammala hukuncin, kuma wa'adin babban laifi ya fi na ƙarami tsawo. Sai ya nuna ya biya tara da kuɗin shari'a da diyyar wanda ya cuta. Daga nan a binciki halinsa, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci. Yanzu Tahoua na da tata kotun ɗaukaka ƙara, ba sai an je Yamai ba.

Tarar da ba a biya ba tana iya tsayar da buƙatar gaba ɗaya. Haka nan wanda ya yi shekaru a ci-rani zai sha wuyar nuna inda ya zauna idan bai adana takardunsa ba. Don haka rasiɗin biyan tara, takardar sallama daga kaso da shaidar wurin zama su ne abubuwan da ya kamata a fara tattarawa kafin a je wurin lauya ko magatakardan kotu.