Kwana biyu a Yankari: Yadda gwaggon biri ya raba mu da burodinmu

Tun daga Dindima, inda muka sauka daga babbar hanyar Bauchi zuwa Gombe muka yi kudu, Auta ya hana kowa sakat da tambayar yaushe za a ga giwa. Mu shida ne a motar: Baba, Umma, da mu ’ya’yansu huɗu, ga tanti biyu, tabarmi, risho da buhun kayan abinci. Hutun watan Afrilu ne, zafi kamar ya dafa mutum.

Ƙofar shiga Gandun Dajin Yankari tana ƙauyen Mainamaji, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Mun ɗauka an iso, ashe da sauran tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, inda baƙi ke sauka. Faɗin gandun ya haura murabba’in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi abinta.

Kafin mu gama kafa tanti, masu gida sun fito tarbarmu. Gadu ne ke kiwo a durƙushe bisa gwiwoyin gaba, ko kallo ba mu ishe shi ba. Can gefe kuma gwaggon birai sun zazzauna, sun zuba wa buhunmu ido. Wani ma’aikacin gandun ya ja kunnenmu cewa kada mu bai wa kowace dabba abinci, kada kuma mu bar leda a fili. Duk muka ce to. Abin da ba mu sani ba shi ne, muna juya baya Auta ya jefa wa wani ɗan jinjirin biri biskit, wai ya ba shi tausayi.

Da la’asar muka gangara matakala zuwa marmaron Wikki. Ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, har kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Umma ta kafa doka: wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda bai wuce ƙugu ba. Ba mu fito ba sai da fatar hannunmu ta yamutse.

Dare a tanti kuwa, wanda ya saba da ƙarar janareta zai sha mamaki. Kowane motsin ganye sai ka ji kamar a kanka ake yi. Mun yi ta cika baki da rana, amma bayan isha’i babu wanda ya yarda ya kwanta ta bakin ƙofa.

Da safe abin ya faru. Umma na haɗa shayi, ta ce, “Auta, miƙo min burodin nan.” Yana fitowa da ledar daga tanti, wani ƙaton namijin biri ya taso a guje. Bai yi wata-wata ba ya cafki ledar, Auta kuma ya ƙi saki. Sai birin ya wage baki. Fiƙoƙinsa sun kai tsawon ɗan yatsa.

“Saki! Sakar masa!” Baba ya daka tsawa.

Ya saki. Birin ya koma gindin bishiya ya yage ledar kamar wanda ya saba, sauran suka rufa masa baya. Ko ƙwarzane Auta bai samu ba, amma ya daɗe yana makyarkyata a jikin Umma, a nan ne ma ya tona asirin biskit ɗin jiya.

Ma’aikacin bai yi masa faɗa ba. Ya dai bayyana mana cewa birin da ya saba karɓa daga hannun mutum yakan daina tsoron mutane, daga roƙo ya koma ƙwace, daga ƙwace sai cizo, kuma ƙarshenta dabbar ce ke kwana a ciki. Ba biskit ɗaya ne ya lalata su ba, hannuwa da yawa ne suka riga na Auta. Mu dai da gayan shayi muka karya.

Bayan nan muka hau motar zagaye tare da ɗan jagora zuwa kogin Gaji. A ƙarshen rani ne dabbobi ke taruwa a bakinsa saboda ruwa ya janye a sauran wurare, ciyawa kuma ta kwanta, ana iya hangen nesa. Mun ga gwambaza da mazo, da garken ɓauna can da nisa. Yankari na cikin wurare ƙalilan da giwaye suka rage a Najeriya, amma ba su da alƙawari da kowa. Abin da muka samu shi ne rassan da suka kakkarya, da tulin kashi da bai gama bushewa ba, da sawun ƙafa mai faɗin faranti.

Auta ya roƙi a tsaya. Ɗan jagoran ya duba hagu da dama, ya ce daga cikin mota za a kalla, babu mai sauka. Wannan karon bai yi musu ba. Ya leƙa ya daɗe yana kallon sawun, sannan ya juyo ya ce, “Baba, idan mun dawo baɗi, a ɗakin kwana za mu ajiye burodi ko a mota?”